Hoto Ɗaya Tak a Ɗakin Baba

Sau ɗaya Baba ya yarda a ɗauke shi hoto, kuma duk wanda ya zauna da shi ya san idan ya ce ɗaya, ko liman aka ɗauko ba za ta zama biyu ba. A daminar da jikinsa ya yi tsanani muka yi wannan magana, a ɗakinsa da ke Indabo, ina zaune a bakin gado ina matsa masa ƙafa. Shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi. Bakinsa ya dawo daidai, hankalinsa kuwa bai taɓa zuwa ko'ina ba, amma ƙafa ta ƙi, kansa yana 'yar rawa, ga yana ta fara rufe masa idanu.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata. Ina aure a cikin garin Wudil, ina koyarwa a firamare da safe, da yamma in hau keken ɗinki. Abin da ya sa na nace a kan hoton nan ba ɓoyayye ba ne. Mahaifiyarmu ta rasu ba ta bar hoto ko guda ba, kuma wata rana ina cikin yanka wuyan riga na nemi fuskarta a raina na rasa. Muryarta tana nan, tafiyarta tana nan, har yadda take ɗaura kallabi, amma fuskar ta ƙi zuwa. Na ajiye almakashi na yi kuka mai isata. Daga ranar na ƙudurta ba za a yi mini haka sau biyu ba.

Hoton Baba da muke da shi na katin zaɓe ne, wanda dole ta sa aka ɗauka, ɗan mitsitsi, ya koɗe, kuma ko yana sabo bai yi kama da shi ba. Jikoki sun sha gwada shi da waya. Ɗakin nasa ginin ƙasa ne, rufin azara, taga ɗaya ce ƙarama kuma bangon maƙwabta take kallo, don haka ko da tsakar rana sai ido ya saba kafin ka ga mutum. Abin da wayoyin suke fitarwa wani dishi-dishi ne mai hula. Idan kuma suka kunna 'yar fitilar wayar sai su yi ta ƙyasta masa ita a ido, wannan ya yi, wancan ya yi, har ranar da ya kore su duka ya ce kada wanda ya ƙara shigo masa da waya a hannu. Na kawo shawarar a fito da shi tsakar gida ko na ɗan lokaci ne. Ya ce shi ba buhun gero ba ne da za a cicciɓe shi a gaban surukai. Na ce to a kira mai hoto. Ya ce baƙo ba zai gan shi a kwance ba. Na bar maganar, na dawo wani makon na sake tayar da ita ta wata ƙofar. Haka muka yi ta fama, ni da shi, don taurin kan da ake cewa ina da shi ba a hanya na tsince shi ba.

Ranar da ya gaji da ni ya ce, "Uwata, kin fi ƙarfina. Ki zo da abinki, ke da kanki, ki haska sau ɗaya. In ya fito, ya fito. In bai fito ba, kin huta na huta."

Na ce na yarda. Sai da na shiga motar komawa Wudil na tuna cewa ban taɓa riƙe kyamara ba a rayuwata.

Akwai wani dattijo mai shagon hoto kusa da tasha, kakan wata ɗalibata. A zamaninsa babu bikin da ba a kiransa, amma tun da waya ta shiga hannun kowa sai aikinsa ya koma hoton fasfo na 'yan makaranta da masu neman aiki, a gaban farin ƙyalle, da hasken rana. Na je na gaishe shi, muka tambayi gida da iyali da damina, sannan na zayyana masa komai. Bai yi mini dariya ba, kuma har yau ina gode masa a kan wannan. Ya shiga ciki ya fito da wata kyamara da ɗansa ya kawo masa, irin mai nuna hoto a baya da zarar an ɗauka, da wata tsohuwar fitila da ake ɗora mata a ka, wadda su masu hoto suke kira filash. Ya ce tunda kan Baba yana rawa, babu abin da zai tsayar da shi cik a hoto sai ita, don haskenta ya fi ƙiftawar ido sauri.

Sai ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Fitilar nan, in ji shi, ba ta da wayo ko kaɗan. Ba ta duba ɗaki, ba ta duba mutum, duk lokacin da aka latsa haske iri ɗaya take zubarwa, kamar mai awo da ba ta da sai mudu ɗaya. Wanda ke kusa zai sha haske har ya yi masa yawa, wanda ke nesa ya samu ɗan abin da ya rage. Don haka ba fitilar ake juyawa ba, ƙofar da haske ke shiga cikin kyamara ake tsukewa ko a buɗe. Ya nuna mini wani zobe a jikin idon kyamarar mai lambobi, biyu da ɗigo takwas, huɗu, biyar da ɗigo shida, takwas, sha ɗaya, sha shida. Ya ce babbar lamba ita ce ƙaramar ƙofa, ƙaramar lamba kuma babbar ƙofa. Na ce wanda ya tsara wannan bai taɓa koyar da 'yan aji uku ba.

Ya juya bayan fitilar. Da alama a da akwai rubutu da yawa a wurin, amma hannu da gumi sun goge shi, sai lamba guda ta rage, ashirin da huɗu. Ya ce wannan ita ce lambar ƙarfin fitila, ita ce jagorar mai hoto. A auna nisan da ke tsakanin fitila da fuskar mutum, a raba lambar nan da nisan, abin da ya fita shi za a sa a zoben. Sauran madannai ya saita mini su da kansa, har da wata lamba da ya tsayar a kan ɗari, ya ce kada in kuskura in taɓa ta, don in ta motsa lambar fitilar ma ta tashi daga aiki. Na tambaye shi da me ake auna nisan.

Ya ce, "Da ƙafa mana, Malama. Mu tun da muka tashi da ƙafa muke yi."

Na fito shagon ina jin abin bai kai yadda na tsorata ba. Rabawa ce kawai, kuma rabawa ita nake koyarwa.

Wanda na fara gwaji a kansa maigidana ne, don shi ne ba shi da inda zai gudu. Ranar Asabar da la'asar na sauke labulen falo, na zaunar da shi a kujera, na ɗauko tef ɗina na ɗinki na auna ƙafa goma daga hancinsa, na ja layi da alli. Ashirin da huɗu a raba da goma, biyu da ɗigo huɗu. Lamba mafi kusa a zoben ita ce biyu da ɗigo takwas, na murɗa na sa a nan. Shi kuwa ya gyara hula, ya haɗe rai irin na manyan ma'aikata, na latsa.

Abin da ya fito a bayan kyamarar fari ne fat. Babu fuska, babu riga, sai ƙofofin hanci biyu da ɗan bakin hula suna yawo a cikin farin. Maigidana ya karɓa ya duba, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce ya gode Allah da ya nuna masa yadda zai kasance in ya zama fatalwa. Na ƙwace abina. Na sake yin lissafin a ƙasa da alli, ya fita daidai. Na sake awo, ƙafa goma ne ba ragi. Na matsa kusa na sake rabawa, na ja baya na sake rabawa, kowane hoto fari kamar an wanke shi da bilic. Raina ya ɓaci sosai, ba don dariyarsa ba, sai don na ga da a ɗakin Baba na yi wannan, da shi ke nan, na ƙone damar da na sha wuya kafin in samu.

Da ya ga na daina amsa tsokanarsa sai ya sauko. Ya ce in rabu da lissafin, in yi ta murɗa zoben har in dace, in haddace wurin, in tafi da shi. Na bi rabin shawararsa. Na koma kan layin allina na sa huɗu, har yanzu fari. Na sa biyar da ɗigo shida, fuska ta fara leƙowa. Da na sa takwas sai ga maigidana sak, da furfurar gemunsa da tabon da ke goshinsa. Ya ce to alhamdu lillahi, an gama, a ba shi abinci. Ni kuwa na san ba a gama ba. Na dace ne kawai, ban gane ba, kuma wanda aka ba latsawa ɗaya ba zai je da dace ba. Idan takwas ce daidai, to da uku aka raba ashirin da huɗu, ba da goma ba. Uku na me?

Tambayar nan ta bi ni makaranta, ta bi ni kicin. Ina rubutu a allo sai in tsinci kaina ina kallon nisan da ke tsakanina da yaran layin gaba. Ban koma wurin dattijon ba, don ina jin nauyin in ce masa karatunsa bai yi ba, kuma a raina na fi zargin kaina da shi.

Amsar a kan tabarmar yanka ta same ni. Wata maƙwabciya ta kawo shadda za a yi wa ɗanta riga da wando, ta ce yadi uku ce, in duba ko za ta isa. Na warware ta a ƙasan falo don in auna, sai ga ta ta miƙe daga ƙafar kujerar da maigidana ya zauna har kusan layin allin da ban goge ba, saura kamar taƙi ɗaya. Na tsaya riƙe da bakin shaddar. Ƙafa goma ai yadi uku ne da 'yan kai. Na juya tef ɗina ta ɗaya gefen, gefen da ba na amfani da shi sai in an kawo ɗinkin 'yan makaranta da awon santimita, na bi layin, sai ga mita uku. Ashe fitilar da mita take magana, mu kuma muna ba ta amsa da ƙafa. Matar tana ta tambaya ko shaddar ba ta isa ba ne, na ce ta isa har ta yi mini rana.

Mita da yadi kusan tsawonsu ɗaya, ɗan bambancin bai kai ya ɓata hoto ba, yadi kuwa a idona yake tun ina budurwa. Da yamma na sake kama maigidana. A yadi biyu na raba, sha biyu, na sa sha ɗaya da ke kusa da ita, ya fito. Na buɗe ƙofar falo na ja baya har yadi shida, na sa huɗu, ya fito. A nan ne na ji abin ya zauna mini. Lambar nan ba umarni ba ce, ciniki ne tsakanin nisa da ƙofa: duk abin da ɗaya ya ƙara, ɗayan ya rage, in ka ninka su biyun kullum su ba ka ashirin da huɗu.

Na je na gaya wa dattijon. Ya dafe kai ya fashe da dariya. Ya ce fitilar da ya yi aiki da ita shekara da shekaru tamanin aka rubuta a bayanta, kuma da ƙafa take, wannan kuwa ta gwanjo ce, tun da aka kawo ta bai taɓa ɗora ta ba, ya ɗauka dai mai rauni ce. Muka lissafa tare a kan teburinsa, sai ga shi ƙafa tamanin ita ce mita ashirin da huɗu. Ƙarfinsu ɗaya, bakinsu ne ya bambanta. Ya ba ni haƙuri, na ce babu komai, ai da bai ba ni rabawar ba da ban san ma abin da zan nema ba. Kafin in tafi ya ƙara mini da cewa in sa sababbin batura, kuma kada in latsa sai ɗan jan hasken da ke bayan fitilar ya kama, don fitilar da ba ta ƙoshi ba ba ta cika lambarta.

Na so in wuce kai tsaye wurin Baba, amma wani abu ya riƙe ni. Duk gwajin da na yi a falona na yi shi, mai farin fenti da farin silin. Don haka da na isa Indabo ban shiga da kyamara ɗakinsa ba. Na gaishe shi, na fito na nemi Yaya, babban wanmu, wanda ke riƙe da gidan da gonakin. Akwai ɗakin kakarmu marigayiya a jikin na Baba, gini ɗaya, rufi ɗaya, yanzu buhunan gyaɗa ake ajiyewa a ciki. Na roƙi Yaya ya sa farar riga ya zauna mini a kan buhu. Ya ce daga gona yake, ga maimai yana jiransa, ni kuma na zo da wasan 'yan birni. Ya dai zauna, yana mita.

Yadi uku, takwas, jan haske ya kama, na latsa. Hoton ya fito da duhu. Rigar ta fito, amma fuskar Yaya ta nutse, sai fararen idanu. Na zaci batura ne, na canza, na jira, na sake, duk ɗaya. Na zauna a kan wani buhun. Yaya ya ce wataƙila abin ba ya son ƙauye.

Wasa yake yi, amma maganarsa ce ta sa na ɗaga kai. Na cire fitilar daga kan kyamarar na ƙyasta ta ita kaɗai ina kallon ɗakin, ba Yaya ba. A falona idan ta haska, ko'ina yakan ɗauka, bango ya jefo hasken, silin ya jefo, mutum ya samu ta gaba ya samu ta gefe. A nan kuwa hasken yana fita ya tafi ke nan. Jan bangon ƙasa da azarar da hayaƙin shekaru ya mayar baƙa ƙirin ba sa mayar da komai, shanyewa suke. Wanda ya rubuta ashirin da huɗu a bayan fitilar nan ya lissafa da taimakon farin bango, bai san ɗakin kakata ba.

Na buɗe ƙofar kyamarar da mataki ɗaya, biyar da ɗigo shida. Sai ga Yaya da fuskarsa, har da ɓacin ran da ke kanta. Na ninka da uku, ya ba ni wajen sha bakwai, na ce bari in riƙe sha shida, ta fi sauƙin rabawa kuma ta fi kusa da lambobin zoben. Don in tabbata na ja baya zuwa yadi huɗu na sa huɗu, ya fito daidai. Na gaya wa Yaya cewa fitilar nan a Wudil ashirin da huɗu ce, a Indabo sha shida. Ya ce ai duk wanda ya zo ƙauye sai ya rage girman kai. Da na shiga yi wa Baba sallama ya tambaye ni ko na gama makantar masa da ɗa, don yana jin mu ta bango. Na ce na gama, saura shi. Ya ce in zo ranar Lahadi da hantsi, lokacin ne jikinsa ya fi sakewa.

Ranar Lahadi na tarar an kira wanzami tun jiya ya yi masa aski ya gyara masa gemu. Mutumin da ya ce bai damu da hoto ba, shi ne ya sa aka buɗe akwati aka ɗauko masa farar rigarsa ta Idi da hular da ya fi so. Na yi kamar ban gani ba, don na san in na yi magana zai iya cewa a mayar. Yaya ya tayar da shi zaune, ya tokare shi da matasai, ni kuma na auna yadi uku daga fuskarsa na ɗiga alli a daɓe, kusa da bakin ƙofa. Na miƙa wa Yaya tef ɗin da jakata. Baba ya ce kowa ya fita, a saki labule.

Na durƙusa a kan alamar. Na sa biyar da ɗigo shida, na daidaita idon kyamarar har gashin gemunsa ya fito ɗaya-ɗaya, na kunna fitila tana 'yar ƙararta har jan hasken ya kama. Na matse gwiwar hannu a jikina don kada kyamarar ta motsa. Na ce, "Baba, ka shirya?"

Ya ce, "Ina kike?"

"Ga ni nan, bakin ƙofa."

"Ba na ganin ki. Inuwa kawai nake gani. Matso."

Na ce masa na riga na auna, daga nan ne zai fito daidai. Ya ce shi ba zai zauna yana zare wa inuwa ido ba, in dai ana son hotonsa to ya ga wanda yake kallo. Na san muryar nan. In na ƙara kalma ɗaya zai ce a cire masa rigar. Na ja gwiwa na matsa, ya ce ƙara, na ƙara, har ya ce, "Yauwa, tsaya nan."

Alamar allina tana bayana, tef yana waje a hannun Yaya. In na tashi ɗauko shi, in dawo in kara masa a hanci, na san zaman ya watse, ga shi kansa ya fara rinjaya gefe don gajiya. Tsoro ya kama ni sosai, irin wanda ke sa mutum ya manta sunansa. Na dubi daɓen da ke tsakanina da gadon, na ƙara da faɗin katifar zuwa fuskarsa. Tsawon zane ɗaya ne, abin da hannuna ya yanka ba adadi. Yadi biyu. Sha shida a raba da biyu, takwas. Na murɗa zoben mataki ɗaya, na ji ya faɗa gurbinsa, na sake daidaita idon kyamarar a kan fuskarsa.

Sai ya ce, "Sauke wannan baƙin abu daga fuskarki, Uwata. Ke na ce zan gani."

Wannan kam babu shi a duk gwajin da na yi. Amma nisa bai canza ba, lamba ba ta canza ba, abin da ya rage kawai kada in motsa. Na zame kyamarar a hankali zuwa ƙarƙashin haɓata, na manna ta a ƙirji tana fuskantarsa, na ɗago ido. Ya ƙura mini nasa idanun masu yana, ya daɗe, sai na ga gefen bakinsa ya motsa kamar zai faɗi wani abu. Na yi bisimilla a zuci na latsa.

Ɗakin ya haska ya koma duhu. Baba ya runtse ido, hawaye ya biyo kuncinsa saboda zafin hasken, na goge masa da bakin mayafina. Ya ce shi ke nan? Na ce shi ke nan. Bai ce in nuna masa ba. Ya ce a kira Yaya ya kwantar da shi, kuma a kawo masa fura, an bar shi da yunwa saboda hoto.

Ban iya dubawa a ɗakin ba. Na fita bayan gida, gindin rumbu, na tsuguna, na kare hasken rana da mayafi sannan na danna don in ga hoton. Hoton ya ɗan karkace, kuma saman hular ya yanke. Amma Baba ne. Farar rigar ba ta ƙone ba, har zaren aikin wuyanta ana gani, fuskar kuma ba ta nutse ba. Ga tsagen kuncinsa, ga ƙwaryar goshinsa, ga jijiyar nan da ke tashi a gefen kansa in zai yi faɗa ko zai yi dariya. Bayansa duhu ne, babu bango babu gado, shi kaɗai. Na zauna a wurin na yi kuka, kaji suna kewaya ni, har matar Yaya ta zo nemana ta zaci hoton ne bai fito ba.

Baba ya rasu bayan an gama girbin dawa. Dattijon ya wanke mini hoton da kansa, manya da ƙanana, na raba wa 'yan'uwa, har waɗanda a da suke cewa na cika naci. Duk wanda ya karɓa sai ya yaba, sannan ya ce abu ɗaya ne kawai, Baba bai kalli kyamara ba, idonsa ya ɗan yi sama. Dattijon ma ya faɗa, ya ce da na ce masa ya dubi gilashin. Ba na yi musu gardama. Gaskiya ne bai kalli kyamara ba, ni yake kallo.